Macijiyata ta yi amai sau uku cikin sati biyu, a taimaka min da shawara

Ɗan Kabuga:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san zauren nan na masu kiwon kaji da tantabaru da zomaye da kifi ne, kuma na san abin da zan kawo zai sa wasu salati. To amma ba ni da inda zan kai kukana sai nan. Maciji nake kiwo. Wanda ake kira macijin masara ne, ɗan asalin Amurka, ba shi da dafi. Mace ce, shekararta biyu da 'yan watanni, tsawonta ya kusa mita ɗaya. Wani abokina da ya tafi karatu waje ne ya bar min ita a watan Yuni, da akwatinta na gilashi da komai. Tun daga nan duk kwana goma nake ba ta ɓera ɗaya, ta haɗiye, ta shige maɓoyarta ta kwanta. Ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba.

Asabar ɗin farkon Disamba na ba ta da daddare kamar kullum. Litinin da safe ina dawowa daga masallaci, ina tura ƙofar shagona wani wari ya buge ni, irin wanda sai da na ja da baya. Na haska fitilar waya, sai ga ɓeran a yashe gefen kwanon ruwa, ya jiƙe sharkaf da yauƙi, gashinsa duk yana nan, kan ne kawai ya ɗan narke. Tausayinta ya kama ni, na ce yunwa za ta dame ta, ranar Alhamis na sake ba ta. Kwana biyu ta dawo da shi. Na bari kwana shida, Juma'ar nan da ta wuce na ba ta na uku, jiya Lahadi shi ma ya fito. Yanzu ta yi laushi, kuma in na dube ta sai in ga kamar ƙashin bayanta ya fara tasowa. Wani magani zan ba ta? Ko in canja mata abinci?

Maman Walida:
Innalillahi. Maciji? A cikin Kano? A ɗakin da kake kwana? Ƙanina, Hajiyarku ta sani kuwa?

Ɗan Kabuga:
Ta san akwai akwati a shagona, Anti. Abin da ke ciki ne dai ba mu taɓa zama mun tattauna ba.

Maman Walida:
Tabɗijam. Allah ya sa kada ta shiga yi maka shara wata rana.

Sarkin Zomaye:
Ka samo Flagyl na yara, na ruwa, ka ɗiga mata kaɗan a baki da sirinji. Ni shi nake ba zomaye in cikinsu ya ɓaci. Sannan ka bar ba ta ɓeran kankara, ka kamo mata ƙadangare ko tsaka mai rai. A daji wa yake saka musu abinci a firza?

Na Bompai:
Ɗan Kabuga, don Allah kada ka ba ta komai tukuna, ko magani ko abinci. Ni shekarata huɗu da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, kuma na taɓa shiga irin halin da kake ciki. Ka amsa min waɗannan. A ina akwatin yake zaune? Me kake ɗumama shi da shi? Zafin ciki nawa ne da asuba? Bayan ta ci kana ɗaukarta? Kuma ɓeran, kaurinsa ya kai nata ko ya fi?

Ɗan Kabuga:
Yaya, akwatin a ƙasa yake kan tayil, ƙarƙashin taga. Akwai wata shimfiɗar ɗumi ta lantarki da aka manna a ƙasansa, amma ka san sai da wuta take aiki, mu kuwa a layinmu ba kullum take kwana ba. Ma'aunin zafi ba ni da shi, da hannu nake taɓawa. Ɗauka kuwa, a karon farko abokaina sun zo ranar Lahadi na fito da ita sun yi hotuna. Sauran biyun ban taɓa ta ba. Ɓeran ya ɗan fi ta kauri, amma irinsa take ci tun da.

Na Bompai:
To ai ka gama faɗar ciwon da bakinka. Tayil, ƙarƙashin taga, cikin Disamba, babu wuta. Kai kanka da bargo kake kwana yanzu, ko ba haka ba? Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa kamar ni da kai ko zomo, daga waje yake aro. Da wannan ɗumin aron cikinsa yake aiki. In ya haɗiyi ɓera sanyi ya kama shi, narkewa sai ta tsaya, shi kuwa ɓeran ba ya jira, ruɓewa yake farawa a ciki, ya kumbura. Abu biyu ya rage wa macijin, ya fitar da shi ko ya mutu da shi. Warin da ya buge ka ke nan.

Irin taka tana son gefe ɗaya na akwatin ya kasance digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma wajen 22 zuwa 25, ta riƙa zaɓar inda take so. Daren hunturu a Kano yana sauka ƙasa da 15. Daga Yuni zuwa Oktoba garin ne yake ɗumama maka ita kyauta, shi ya sa ba ka ga matsala ba, kana zaton shimfiɗar ce ke aiki.

Kuma taɓawa da hannu ba awo ba ne. Tafin hannunka ya fi digiri 30, duk abin da ka taɓa ƙarya zai yi maka.

Alhaji Mai Tantabara:
Yaro, ni ban san maciji ba sai dai in na gan shi in nemi sanda, don sun sha cinye min ƙwai a ɗakin tantabaru a Fagge. Amma maganar Na Bompai ta shige ni. Ɗan shila ma in iyayensa suka tashi daga kansa a daren sanyi, da safe za ka taɓa wuyansa ka ji hatsin jiya yana nan bai motsa ba, ya yi tsami. In ka ƙara masa ɗura a kan wannan, ka kashe shi da hannunka. Sai ka ɗumama shi tukuna.

Ustaz Na Gwammaja:
Ni tambayata daban ce, a yi min afuwa. Ya halatta ma a ajiye maciji a gida? A hadisin Nana A'isha da ke cikin Sahihu Muslim an lissafa maciji cikin dabbobi biyar masu cutarwa da ake kashewa ko a Harami ne, ɓera ma yana cikinsu. Ga shi kai ka haɗa biyu a ɗaki ɗaya. Kuma malaman fiƙihu da yawa sun hana cinikinsa.

Ɗan Kabuga:
Allah ya gafarta Malam, ban saye ta ba, amana aka bar min. Kuma ba ta da dafi ko kaɗan, ba kamar kububuwa ko gamsheƙa ba. Naɗe ɓera take yi ta matse shi. A can ƙasarsu, wajen Fulorida da Jojiya, a rumbunan masara ake yawan ganinta tana farautar ɓeraye, wasu sun ce daga nan sunan ya samo asali.

Alhaji Mai Tantabara:
Ustaz, ka tuna kuma da matar da ta shiga wuta a kan kyanwa, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Dabbar nan dai yanzu a kulle take a hannun yaron nan.

Ustaz Na Gwammaja:
Haka ne Baba, ban musa ba. Muddin tana hannunsa haƙƙinta yana wuyansa. Ni dai shawarata in mai ita ya dawo ka miƙa masa abarsa, kuma ka tambayi malamin da ka yarda da shi.

Maman Walida:
Ko ka kai ta bayan gari can hanyar Gwarzo ka sake ta, kowa ya huta.

Admin:
Jama'a, maganar hukunci an faɗe ta, an ji, a bar ta nan. Mu koma kan ciwon. Na kira Dakta, likitar dabbobi, ta shigo.

Dakta:
Wa alaikumus salam. Na karanta duka. Maman Walida, sakinta a daji ba mafita ba ce. A hannun mutane aka ƙyanƙyashe ta, ba 'yar ƙasar nan ba ce, ga ta ba lafiya. Ko sanyi ya kashe ta, ko mutumin farko da ya gan ta.

Ɗan Kabuga, zan fara da abin da ba za ka ji daɗinsa ba. Aman farko sanyi ne da hotunan abokanka suka jawo, wannan yana iya faruwa da kowa. Na biyu da na uku kuwa da hannunka a ciki. Ɓeran da ka ba ta ranar Alhamis, kwana uku bayan amai, shi ne babban kuskuren. Ruwan cikin maciji mai tsami ne ƙwarai, shi yake narkar da ƙashi da haƙori. In abinci ya dawo, da wannan ruwan yake dawowa, ya ƙona mata maƙogwaro, ta yi asarar ruwan jiki mai yawa, tumbin kuma ya zama kamar gyambo. Yana buƙatar lokaci ya warke. Kai kuma sai ka ɗora masa wani aikin, sau biyu. Kowane amai yana sa na gaba ya fi sauƙin zuwa, kuma haka ake rasa su, ba don yunwa ba.

Yunwa ba za ta kashe ta a sati biyu ba. Macijin da ya kai girmanta yana yin makonni bai ci ba lafiya lau. Don haka daga jiya ka ƙirga kwana 14 cif, babu abinci. Ruwa mai tsabta kullum. Kada ka ɗauke ta, kada ka buɗe maɓoyarta kana leƙe. In da hali ka rufe gefe uku na gilashin da kwali ko zani ta samu natsuwa.

Iyaye mata a nan za su gane bambancin tumbiɗi da amai. Jariri in ya yi tumbiɗi, nonon bai daɗe ba, bai canja ba. Amai kuwa daga can ciki yake, ya fara narkewa. Maciji ma haka ne. In ɓera ya dawo cikin 'yan awanni, gaba ɗayansa, galibi tsorata shi aka yi, ko ɗaukarsa, ko abincin ya yi masa girma. In ya dawo bayan kwana biyu ko uku ya fara narkewa, sai mu duba zafi, mu duba lafiyar ɓeran, mu duba tumbin kansa. Naka irin na biyun ne.

Sarkin Zomaye, maganin da ka ambata muna amfani da shi ga macizai, amma sai an duba kashi an ga ƙwayar da yake kashewa, kuma da nauyin dabba ake auna shi. In ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ka ga maciji yana karkata kai yana birgima. Dabbar da ba ta kai rabin kilo ba, "ɗiga kaɗan" ba awo ba ne.

Sarkin Zomaye:
Na karɓi gyara a kan maganin, Dakta. Amma maganar ɓeran kankara ina nan a kan bakana. Ku tambaye shi a ina yake ajiye su. Garin da wuta ke zuwa ta tafi, wace firza ce take riƙe kankara wata guda ba ta saki ba?

Ɗan Kabuga:
Kai. Wallahi ka tuna min. A firzar gida suke, cikin gwangwanin madara na ɗaure da leda, can ƙasa. Ƙarshen Nuwamba taransifomar unguwarmu ta lalace, kwana uku babu wuta, har Hajiya ta soye naman da ke ciki don kada ya ɓaci. Ni ban iya fito da nawa a gabanta ba. Da wuta ta dawo suka sake daskarewa, na ci gaba da ba ta.

Maman Walida:
Tsaya tukuna. Ɓeraye? A firzar da Hajiya take ajiye nama? Yaron nan kai dai Allah ya shirye ka. Wallahi da ɗana ne da tuni kai da akwatin kuna titi.

Sarkin Zomaye:
Kun gani ko? Mushe ya ba ta. Ba sanyi ba ne, ruɓaɓɓen ɓera ne.

Na Bompai:
A'a, kada ka yi saurin yanke hukunci. Ko sabon ɓera ya ba ta a kan tayil ɗin nan, da ta dawo da shi. Ni nawa lafiyayyu ne lokacin da tawa ta yi, a watan Janairu, kuma ina gyara ɗumi ta daina.

Sarkin Zomaye:
Kuma ko a cikin tanda ya ajiye ta, in ya ba ta abin da ya kwana uku a narke, da ta dawo da shi.

Dakta:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma ba sai mun zaɓi ɗaya ba. Ya gyara ɗumi, ya zubar da gwangwanin gaba ɗaya. Ɓeran da ya narke ya kwana, da hanjinsa da komai a ciki, ba a mayar da shi kankara.

Amma ban yarda da kamo na gida ba. Ɓeran sito da na kasuwa ba ka san abin da ya ci ba. Maganin ɓeran da ake tallansa a baro, wani irinsa yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, ɓeran yana yawo da gubar a jikinsa, wanda ya cinye shi ya kwasa. Ga tsutsar ciki, ƙadangare da tsaka ma suna ɗauke da ita. Ga kuma kai kanka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa ta jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake yaɗuwa, kuma a lokacin rani irin wannan ya fi tashi. Kada ka je neman lafiyar maciji ka kwaso wa gidanku abin da ya fi shi. Mai rai kuma, ko na kiwo ne, yana cizo. Macijin da ba shi da ƙarfi, ɓera yana iya yi masa rauni a cikin akwati.

Mai Kaji Gunduwawa:
Maganar ɗumi mai sauƙi ce. Mu da muke rainon 'yan tsaki dubu a hunturu ba wuta muke jira ba. Kaskon gawayi za ka saka a ɗakin ka rufe taga.

Na Bompai:
A ɗakin da yake kwana? Ka rufe taga da gawayi? Haba Malam. Kowace shekara sai an ji labarin waɗanda suka kwanta da gawayi a ɗaki ba su tashi ba. Ɗakin kaji ai a buɗe yake ta sama.

Ɗan Kabuga, ga abin da na yi, kuma bai ci min kuɗi sosai ba. Da farko ɗaga akwatin daga tayil, ka ɗora a kan tebur, nesa da taga, jikin bangon da ba ya kallon waje. Ka sayi ma'aunin zafi mai lamba, mai 'yar igiya, a Sabon Gari wajen masu kayan lantarki ko masu kayan kiwon kaji za ka samu, irin wanda ake sa wa injin ƙyanƙyasa. Biyu za ka saya, kan igiyar ɗaya a ƙasan gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi. Ka duba su da asuba, don lokacin ne sanyi ya fi sauka.

Shimfiɗar ɗumin ba ta cin wuta, ba ta fi ƙwan fitila ba, ƙaramin batir da inbata za su riƙe ta har safe. Sai dai kada ka haɗa ta kai tsaye. Akwai 'yar na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda ka saita, ita ma masu injin ƙyanƙyasa suna sayarwa. In babu ita, ranar da wuta ta kwana gilashin yana iya yin zafin da zai ƙona mata ciki, kuma maciji ba ya saurin tashi daga abin da ke ƙona shi. Kafin ka haɗa wannan, gorar ruwan zafi naɗe da tawul, ka jingina ta a jikin gilashin ta waje, ka lulluɓe da bargo ka bar kafar iska. Ƙarfe biyun dare ka tashi ka canja ruwan. Na yi haka sati guda, har matata ta ce ko ita da ta haihu ban yi mata wannan hidimar ba.

Ɗan Kabuga:
Na gode Yaya, gobe zan shiga Sabon Gari. Dakta, in kwana 14 ɗin sun cika fa?

Dakta:
Ka ba ta ƙarami, kamar rabin wanda ta saba. Ƙa'idar ko da lafiyarta, kada ɓera ya wuce kaurin tsakiyar jikinta sau ɗaya da rabi, yanzu kuwa ko kaurinta kada ya kai. Ka narkar da shi a cikin leda a firij, sannan ka tsoma ledar a ruwan ɗumi har ya yi ɗumi. Ka matsa cikinsa da yatsa, in ka ji tauri ko sanyi a tsakiya bai yi ba. Ka ba ta da magariba ka fita harkarta. Awa 48 babu taɓawa, ita da ke jinya ma ka ba ta kwana uku. In ya zauna, sai bayan kwana goma ka sake ba ta irinsa. Sai ta riƙe uku a jere kafin ka fara ƙara girma. In kuma ka ga idonta ya yi fari-fari kamar hazo, saɓa za ta yi, ka jira ta gama.

Ka samu sikelin kicin ka auna ta yau, a cikin roba mai murfi, sau ɗaya, ka rubuta. Ido yana ruɗi, giram ba ya yi.

Akwai kuma abin da ba na so in ɓoye maka. Amai sau uku a jere, dole a kawo maganar wata ƙwayar cuta da ake kira kirifto, cikakken sunanta Cryptosporidium serpentis. Tana zama a bangon tumbin maciji ta sa shi ya yi kauri, har abinci ya kasa zama. Macijin masara yana cikin waɗanda take yawan kamawa. Alamarta amai 'yan kwanaki bayan ci, rama, wani lokaci da kumburi mai tauri a tsakiyar jiki ko da babu abinci a ciki. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana kawar da ita gaba ɗaya, kuma bilic ba ya kashe ta a jikin akwati. Ban ce ita ce ba, don sanyi da gwangwanin nan sun isa su bayyana komai. Amma a gwada.

Ɗan Kabuga:
Gabana ya faɗi, Dakta. Yaya ake gwajin? Kuma tana kama mutum?

Dakta:
Wadda ke sa mutane gudawa 'yar'uwarta ce, wannan ta macizai ce. Abin da za ka kiyaye shi ne ƙwayar cutar salmonela, wadda dabbobi masu jan ciki ke ɗauke da ita ko suna lafiya. Sabulu bayan kowace taɓawa, kuma kada ka wanke kwanonta inda ake wanke-wanke.

Gwaji kuwa, ina ɓeran jiya?

Ɗan Kabuga:
Na jefa a bola.

Dakta:
Kash. Yauƙin da ke jikinsa shi ne samfurin da ya fi kyau. In ta sake, Allah ya kiyaye, ka ɗauke shi da leda ka ɗaure, ka sa a sanyi ka kawo a ranar. Yanzu sai mu jira kashi. Ana shafa shi a gilashi a rina shi da irin rinin da ake yi wa kaki a gwajin tarin TB, a duba a madubin likita. Ƙwayar ba kullum take fita ba, don haka gwaji ɗaya bai isa a ce babu ba, sai an maimaita. Wani abin kuma, ɓeraye suna da tasu kirifton, tana iya bi ta cikin maciji ta fito ba ta yi masa komai ba, a madubi kuma suna kama da juna. In an ga wani abu, sai an tura inda ake gwajin ƙwayar halitta a tantance. Irin wannan sai manyan wurare, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ka fara tambaya ko suna yi kafin ka ɗauki hanya. A wannan kashin dai za a duba tsutsa da sauran ƙwayoyi, waɗanda su suna da magani.

In ka ga kumburi, ko tana buɗe baki tana numfashi, ko majina a hanci, kada ka jira kwana 14, ka nemi likita a ranar.

Ɗan Kabuga:
Jama'a barkanmu da war haka, na dawo da bayani tun da an kwana biyu. Daren da na sayo ma'aunin, kafin in ɗaga akwatin na ce bari in ga abin da take sha. Ƙarfe biyar da rabi na asuba, digiri 16 a gefen da nake kira gefen ɗumi. Na daɗe a tsugune ina kallon lambar nan. Nauyinta a ranar giram 181.

Yanzu tana kan tebur, gefen ɗumi yana wasa tsakanin 28 da 30 har safe. Na cika kwana 14, ranar ta goma sha ɗaya ta fito tana zagaye akwatin tana zaro harshe, hannuna har ƙaiƙayi yake, na tuna faɗan Dakta na fita na bar ɗakin. Na samo sababbin ƙananan fararen ɓeraye wajen wani mai kiwonsu. Ta ci na farko ya zauna. Ta ci na biyu bayan kwana goma, yau kwana biyar, shi ma ya zauna. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin kashin maciji ba. An duba shi sau ɗaya ba a ga komai ba, saura biyu. Nauyinta yau 186.

Na Bompai:
Alhamdu lillahi. Kada ka yi gaggawar ƙara girman ɓeran. Kuma ka fara tunanin Afrilu tun yanzu. Shagon ƙofar gida mai rufin kwano, rana ta kai digiri 40 a waje, ciki ya zama tanda. Zafin da ya wuce 32 ko'ina a akwatin, babu gefen da za ta gudu, shi ma yana sa su amai, yana ma kisa, kuma ya fi sanyi saurin yi. Lokacin tayil ɗin da ka gudu shi za ka koma nema. Wane ɗaki ne ya fi sanyi a gidanku?

Ɗan Kabuga:
Ɗakin Hajiya.

Maman Walida:
To fa. Ranar da za ka je roƙon, don Allah ka sanar da mu a nan tukuna.

Sarkin Zomaye:
Ɓerayen fa, yanzu a ina suke?

Ɗan Kabuga:
Wani abokina mai shagon sola a bakin titi ya ba ni kusurwa a ƙaramar firzarsa, wadda ba ya sa kayan sayarwa a ciki. Biyar-biyar nake saya yanzu, ba ashirin ba. Gwangwanin gida kuwa na fitar da shi tun daren da aka yi maganar, ƙarfe ɗaya, kowa ya yi barci, na wanke firzar tas. Da safe Hajiya ta gani ta yi ta sa min albarka.

Dakta:
Ka kawo kashi na biyu in ta yi, a cikin leda, kada ya bushe. Ka rubuta ranar da ta ci a jikin ledar.